Sawu a Bakin Kabarin Temo

Gidan Besna shi ne na ƙarshe a ƙauyen Kanizar in ka nufi dutse. Daga shi sai maƙabarta, daga maƙabarta sai gangaren da ba a hawa saboda nakiyoyin da aka binne a cikinsa tun lokacin yaƙi. Mijinta Temo ne ya zaɓi wurin sa'ad da aka dawo daga gudun hijira, ya ce nan ne dutsen gini ya fi kusa. Da mutane suka tambaye shi wa ke son maƙwabtaka da matattu, sai ya ce bai taɓa jin sun yi rigima da kowa a kan iyakar gona ba. Magini ne, kuma da wuya ka ji ya yi maganar da ta fi wannan tsawo a yini guda.

Ita Besna 'yar makiyayi ce. Mahaifinta Haso sai da ya haifi mata huɗu kafin ya sami namiji, ita ce babbarsu, don haka ita ta riƙa bin sa kiwo tun tana shekara bakwai. Bai koya mata karatu ba, don shi ma bai iya ba, amma ya koya mata duba ƙasa. Kare, in ji shi, yawo yake yi, ya shinshina nan ya leƙa can, domin ya san akwai mai ba shi abinci. Kyarkeci kuwa miƙewa yake yi sambal, yana ɗora ƙafar baya a inda ta gaba ta tashi, har biyar su wuce ka ɗauka ɗaya ne. Ya nuna mata yadda ake gane sawun jiya da na ɗazu, da yadda hankaki ke tona asirin abin da ya kwanta a bayan dutse. Sawun kura kuwa sau ɗaya tak ya nuna mata, a bakin wani kogo: na gaba manya, na baya ƙanana, kamar dabbobi biyu ne suka jera. Ya kama hannunta ya sa a cikin babban, ya ce ta riƙe wannan, don ba kullum ake ganinsa ba.

Ta auri Temo tana da shekara goma sha tara, suka haifi biyar. Biyu daga ciki sun rasu a hunturu guda, a sansanin gudun hijira, shekarar da aka kori mutanen duwatsu aka rushe ƙauyukansu. An binne su a gefen sansanin cikin gaggawa. Bayan shekaru da ta koma don ta ziyarce su, ta tarar an yi gine-gine a wurin, ba wanda ya iya nuna mata ko kusurwar da suke. Ba ta cika ɗauko zancen ba. Sauran ukun suka girma, mata biyu aure ya kai su nesa, namijin, Dilshad, ya zama direban babbar mota a birnin Duhok.

Soron ƙasa ba ya jure nauyin dusar ƙanƙara, in ta kwana biyu a kansa sai ya fara yoyo. Tun da bayan Temo ya fara ciwo, Besna ce ke hawa kowace safiya da shebur na katako ta share. Daga can sama tana ganin maƙabarta, da hanyar marmaro, da kwarin da ya raba su da ƙauyen gaba, kuma duk abin da ya taka ƙanƙara kafin gari ya waye sai ya bar mata labarinsa. Ba ta nemi wannan aiki ba, a hankali ya zama nata. Mace za ta fito da tulu ta ɗaga kai ta tambaya ko hanyar ruwa lafiya. Mai tumaki zai tsaya ya ji ta wane gefe kyarketai suka bi. Ita kuwa ba ta ƙari, ba ta ragi. In dila ce ta ce dila ce, in ba ta gane ba ta ce ba ta gane ba.

Mutum ɗaya ne ya mai da abin wasa, Mirza, ƙanin Temo. Shi ya laƙaba mata suna Rediyo. In ya zo wucewa sai ya kama kunnensa yana murɗawa, ya ce, “Matar yaya, yau me tashar ta kamo?” Ita kuma ta ce ta kamo labarin wani mai sanƙo da matarsa ta fi shi iya harbi. Wata shekara ta gaya masa kyarketai uku sun yi kwana biyu suna kwanciya a bayan tsohon injin niƙa, kada ya bar jakinsa a waje. Ya yi dariya ya ɗaure shi a inda ya saba. Da safe akumari da kofato kawai ya tarar. Bai daina tsokanarta ba, amma daga ranar, in ta yi magana, yakan zagaya ta baya ya kulle dabbobinsa ba tare da ya bari ta gani ba.

A hunturun da ta cika sittin da uku, ƙanƙara ta zo da wuri, ta toshe hanyar mota tun daga mashigar dutse. Gidaje goma sha ɗaya ne kawai ke fitar da hayaƙi a Kanizar, sauran duk sun sauka birni sai bazara. A cikin wannan hali tari ya kama Temo. Da fari ya ce sanyi ne, ya ci gaba da faskare. Bayan kwana huɗu ya kwanta, numfashinsa ya koma kamar ana jan zarto a itace ɗanye. Besna ta dafa masa duk ganyen da ta sani, ta shafa masa kitsen wutsiyar tunkiya a ƙirji, ta kwantar da shi kusa da murhu. Aka sanar da Dilshad ta waya, ya zo har gindin dutse da mota da magani, ya kwana biyu a can yana jiran a buɗe hanya, ba a buɗe ba. Ran kwana na tara da hantsi Temo ya ce ta ba shi shayi. Ta zuba, ta sa masa sukari biyu kamar yadda yake so, ta juyo ta tarar ya riga ya tafi.

Maza shida ne suka rage a ƙauyen masu iya ɗaga diga, kuma Mirza mai shekara hamsin da takwas shi ne yaronsu. Ƙasa ta daskare, diga na sauka tana tashi kamar an bugi ƙarfe. Suka tara itace suka hura wuta a wurin tun safe har azahar, suka tona abin da ya narke, suka sake hura wata. Da ramin ya ɗan wuce gwiwa suka ci karo da fa. Suka gwada gefe, nan ma fa. Tafin hannun Mirza ya fashe, jini ya ɓata ƙotar digar. Rana ta yi ƙasa, iska ta taso, sai limamin ƙauyen, Mela Sadik, ya ce Allah ba ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa, a sa shi haka. Suka rufe shi da faffaɗan duwatsu uku, suka mayar da ƙasa, suka yi addu'a suka watse. Biyu daga cikinsu zazzaɓi ya kwantar da su washegari.

Besna ta shiga takaba. Meyro, matar Mirza, ita ke zuwa ta yini da ita, ta toya mata gurasa, ta karɓi masu gaisuwa. Fita dai ba ta yi, amma soro cikin gida yake, kuma ƙanƙara ba ta san an yi rasuwa ba. Ran kwana na uku da sassafe ta hau da sheburinta. Ta yi niyyar kada ta dubi maƙabarta, idonta ya ƙi. Sabon tudun yana nan an yayyafa masa fari, sai dai akwai layin sawu da ya gangaro daga gangaren nakiyoyi, ya zagaya shi sau biyu, ya zo ya bi ta jikin katangar bayan gidanta, sannan ya koma inda ya fito. Ba miƙaƙƙe ba ne irin na kyarkeci. Ba kuma na kare ba ne, don babu karen ƙauyen da ke hawa wannan gangare.

Ta sauko, ta buɗe ƙofar baya, ta tsuguna a inda sawun ya gifta. Na gaba ya cika tafin hannunta har ya yi saura. Na baya bai kai rabinsa ba. Ta daɗe a tsugune har sanyi ya ratsa gwiwoyinta. Shekara hamsin da wani abu rabonta da ganin irinsa, amma ba ta yi shakka ba ko kaɗan, kuma ta san abin da ke kawo kura maƙabarta a tsakiyar hunturu.

Da Meyro ta zo ta gaya mata, Meyro ta koma da sauri ta kira mijinta. Mirza ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, hannayensa naɗe da tsumma. Tun ranar jana'iza bai yi mata wasa ba, yau ma bai yi ba.

Ya ce, “Matar yaya, kura fa kika ce? Rabon da a ga kura a dutsen nan tun ina da gashi a ka.”

Ta ce, “Ba labari na ji ba, Mirza. Hannuna na sa a ciki.”

“Karen Mela ne. Ƙato ne, kin san shi.”

“Karen Mela ƙafafunsa huɗu duk girmansu ɗaya. Zo ka gani da idonka, ga shi nan a bayan katanga.”

Bai motsa ba. Fuskarsa ta canza, ya ce, “Ki faɗi abin da ke ranki kawai. Cewa kike ba mu binne ɗan'uwana da kyau ba.”

“Ban ce ba. Na san ƙasa ce ta ƙi, na ga hannunka. Amma ita dabba ba ta san uzurinku ba.”

Mirza ya juya ya tafi. A hanya ya gaya wa matarsa baƙin ciki ne ke sa mutum ganin abin da babu, a ƙyale ta, za ta huce. Kafin hantsi iska ta share sawun, ba abin da ya rage da za a nuna wa kowa.

Bayan azahar Mela Sadik ya zo yi mata addu'ar uku, yana dogara sanda, don gwiwoyinsa sun daɗe da gajiya. Da ya shafa, ta yi masa magana daga bayan labule, ta gaya masa abin da ta gani, ta tambaye shi ko mai takaba tana iya taka maƙabarta. Ya ɗan ja carbinsa. Can ya ce mai takaba tana fita da rana in lalura ta kama, muddin za ta kwana a ɗakinta, kuma tsare mutuncin mamaci lalura ce babba. Ya ƙara da cewa, “Sai dai ni ban san sawu ba, Besna, littattafaina ba su koya mini ba. In kin tabbata, ba zan hana ki ba.” Ya yi alkawarin zai yi wa maza magana a masallaci, amma ya tuna mata biyu suna kwance, sauran kuma ko cokali da ƙyar suke riƙewa.

Ba ta jira ba. Abin da kabarin ke bukata shi ne nauyi, duwatsun da dabba ba za ta iya turewa ba. Na fili duk suna ƙarƙashin ƙanƙara, sun manne da ƙasa. Waɗanda za su ɗagu su ne na katangar garken awakinta, wadda Temo ya jera da hannunsa ba tare da laka ba, shekara ashirin ba dutse ɗaya da ya zame. Ta kora awakin bakwai zuwa ɗakin girki ta rufe. Ta ɗauko ƙarfen da yake ɓamɓarar dutse da shi, ta ciro wani tsohon ƙyaure ta ɗaura masa igiya, ta fara daga saman katangar. In ta ture dutse ya faɗo, sai ta mirgina shi kan ƙyauren, ta rataya igiyar a kafaɗa ta ja shi a kan ƙanƙara. Tsakanin garken da kabarin bai fi taku ɗari ba, amma hawa ne, kowane zuwa sai ta tsaya sau uku tana haki.

Meyro ta tsaya tana kallo, tana tsoron ɓacin ran mijinta, tana kuma jin kunyar tsayuwar. Daga baya ta ɗaure ɗankwalinta ta kama igiyar. Suka riƙa ja tare. Kafin rana ta faɗi sun kai duwatsu tara, suka jera su daga wajen kai zuwa tsakiya. Wajen ƙafafu ya rage a buɗe. Besna ta so ta ƙara ko biyu ne, hannayenta suka ƙi rufuwa a kan igiyar, ga duhu ya fara. Ta koma ɗakinta kamar yadda Mela ya ce.

Gari na wayewa ba ta hau soro ba, kai tsaye ta nufi maƙabarta. Tun daga nesa ta hango baƙar ƙasa warwatse a kan farar ƙanƙara. An tona ta wajen ƙafafu, rami mai zurfin kamu guda, ga shatar farata a jikin ƙasar, har gefen faffaɗan dutsen ƙarshe ya bayyana. Ta durƙusa ta leƙa. Dutsen bai gusa ba, ba ta ga farin likkafani ba. Ta yi hamdala a hankali, ta zauna a kan ɗaya daga cikin duwatsun jiya. A nan Meyro ta same ta, ta duba ramin, ta juya ta tafi kiran mijinta ba tare da an aike ta ba.

Mirza ya zo ko hula babu. Ya tsaya a kan ramin, ya dubi sawun da ya cika wurin, manya da ƙanana, sabbi fil. Bai dubi Besna ba. Ya durƙusa ya fara mayar da ƙasar da hannayensa masu ciwo, yana dannawa, har tsumman da ya naɗe su da shi ya jiƙe ya yi ja. Sauran maza suka iso ɗaya bayan ɗaya, har da ɗaya daga cikin masu zazzaɓin, lulluɓe da bargo. Mata ma suka fito. Aka saro ƙaya aka shimfiɗa, aka yi layi daga garken zuwa kabarin, masu ja na ja, masu jerawa na jerawa. Kafin azahar katangar ta ƙare ƙaf, kabarin Temo ya zama tudun duwatsu da ya kai ƙugun mutum.

Ana cikin shan shayin da Meyro ta kawo, aka nemi Mirza aka rasa. Besna ce ta hango shi, ya ɗauko bindigarsa daga gida, ya zagaya ta bayan maƙabarta yana bin sawun, har ya kusa jajayen duwatsun da aka sa alamar iyakar nakiyoyi. Ta miƙe ta kira sunansa. Ya tsaya, bai juyo ba.

Ta ce, “Ina za ka?”

“Inda ta shiga.”

“Ita ta san inda take sa ƙafarta, kai ba ka sani ba. Kabari ɗaya ya gagare ku, Mirza. Za ka ƙara musu na biyu?”

Ya daɗe a tsaye da bindigar a hannunsa. Sannan ya zauna daɓas a cikin ƙanƙara, ya kifa kansa a gwiwa. Tun da wansa ya rasu ba wanda ya ga hawayensa sai ranar. Maza suka kawar da kai, Mela ya taka a hankali ya je ya karɓi bindigar, ya tsaya kusa da shi har ya gama.

Kurar ta dawo kwana biyu a jere. Kowace safiya Besna na ganin inda ta zagaya tudun, ta gwada nan ta gwada can, ta haƙura. A rana ta uku sawun ya biyo ta ƙofar ɗakin girki, inda awaki suke. Haka Besna ta ci gaba da zama da su ƙarƙashin rufi ɗaya, warinsu ya kama tufafinta da gurasarta, ba ta yi ƙorafi ba. Cikin makon wata tsohuwar akuya ta yi ɓari, ta kwana ta mutu ba a samu an yanka ba. Besna ta ɗora mushen a kan ƙyauren nan, ta ja shi zuwa bakin kwari, can ɗaya gefen ƙauyen, nesa da maƙabarta, ta tura shi ƙasa.

Da la'asar ta hau soro ta zauna, ta lulluɓe da bargon Temo. Rana na gab da shiga bayan dutse sai ga ta ta fito daga cikin itatuwa. Besna ta zaci za ta ga wani abin tsoro. Abin da ta gani tsohuwar dabba ce ramammiya, gashin bayanta a tsaye, ratsin jikinta ya koɗe, kunne ɗaya a yage, tana tafe tana jan gindi kamar mai ciwon ƙugu. Ta tsaya a bakin kwarin ta ɗaga kai, suka dubi juna. Besna ta nemi ƙiyayyar da ta kwana da ita kwana da kwanaki, ba ta same ta yadda ta bar ta ba. Ba ta kuma ji tausayi ba. Ta dai ga yunwa, kuma ta san yunwa tun a sansani. Kurar ta sunkuya ta gangara, jim kaɗan aka ji ƙarar ƙashi.

Da Mirza ya ji, ya zo ya ce, “Yanzu kuma ciyar da ita kike yi, matar yaya?” Ta ce nisantar da ita take yi, in yana da dabarar da ta fi wannan ya kawo. Bai kawo ba. Bayan kwana biyar aka gan shi da kansa yana jan mushen wata tunkiyarsa zuwa kwarin, yana ta zagin kurar da kakanninta. Wajen mako uku sawun yana zuwa kwari yana komawa, bai sake bi ta maƙabarta ba. Daga nan ya ɗauke. Ko mutuwa ta yi, ko wani wurin ta koma, Besna ta ce ba ta sani ba.

Sai da ƙanƙara ta fara narkewa aka buɗe hanya. Dilshad ya iso a motar farko, ya wuce maƙabarta kafin ya shiga gida. Ya tsaya gaban tudun duwatsun, ya gane su, don yana yaro ya sha hawa kansu. Baffansa Mirza ne ya ba shi labarin duka, bai rage nasa laifin ba. Dilshad ya shigo ya zauna gaban mahaifiyarsa ya ce, “Inna, ki haɗa kayanki. Ba za ki sake yin hunturu a nan ba.” Ta ce takabarta ba ta ƙare ba. Da ta ƙare ya sake zuwa, ta ce awaki sun haihu. Ya gane ba za ta bi shi ba, sai ya ɗauki hutu ya kwaso duwatsu daga rafi ya sake mata katanga. Ba magini ba ne, katangar ta fito a karkace, sai da ya tallafe ta da itace ta gefe ɗaya. Ta duba ta ce ta yi.

Da kaka ta zo, kafin ƙasa ta daskare, Besna ta je wurin Mela Sadik ta ce a tona kabari biyu a ajiye, a rufe su da katako. Maganar ta tayar da ƙura a ƙauyen. Wasu suka ce kiran mutuwa ne, wata tsohuwa ta ce ita ba za ta iya barci ba alhali rami na jiran ta a buɗe. Mela ya ce mutuwa ba ta jiran a kira ta, kuma bai ga inda aka hana ba. Mirza ya ɗauki diga ya tafi, samarin da suka zo hutu suka bi shi. Suka tona biyu masu zurfi har ƙirji. Duk hunturun mutane suka riƙa kawar da kai in sun zo wucewa ta wurin. Ɗaya ya zauna a rufe da katako, ba kowa a ciki, har bazara. Ɗayan kuwa Meyro aka sa a ciki, a watan da sanyi ya fi tsanani, bayan ciwon kwana uku. Besna ce ta yi mata wanka. Daga lokacin kullum takan toya gurasa ta mutum biyu, ta aika wa Mirza tasa, shi kuma ya riƙa yi mata faskare. Tonon kabari da kaka ya zauna a Kanizar, ba a sake gardama a kansa ba.

Ta ƙara hunturu huɗu a gidan. A na biyar ciwon yanar ido ya rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma ya fara hazo, har wata safiya ta zame a matakalar soro ta karya hannu. Wannan karon da Dilshad ya zo ba ta kawo wani dalili ba. Ta ba Mirza awakin da mabuɗin gidan, ta shiga gaban mota da ƙullin kayanta a cinya. An yi mata aikin ido a birni, ta ɗan samu gani, ta zauna da jikokinta shekara biyu a bene hawa na uku, tana tsince musu shinkafa tana faɗa da su a kan ɓarnar ruwa. Ta rasu da rani, tana da shekara saba'in. Dilshad ya so ya kai ta Kanizar, amma ta riga ta bar wasiyya cewa kada a wahalar da kowa da hawan dutse, ƙasar Allah duk ɗaya ce. A Duhok aka binne ta. Mirza ya sauko a motar haya, ya iso ana gab da sallar jana'iza, aka matsa masa ya shiga sahun gaba.